Bakin Inji Shi Ne Gizagon Zamani: Abin Da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Sayi Injin Sassaƙa

(Jawabin da tsohon Hedimasta ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)

 

Gabatarwa

Shugabanni sun nemi in ce wani abu game da shawarar da ke gabanmu, ta sayen injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta domin koya wa matasanmu sana'a. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da alli a hannu, ina ruwansa da katako? To, gaskiya ne ni ba kafinta ba ne. Amma da aka ɗora mini wannan nauyi, sai na koma ɗalibi. Na yi makonni ina zuwa shagon wani yaro da na koyar a aji huɗu, wanda yanzu yake aiki da irin wannan inji a birni. Ina zaune a kan benci, shi yana karantar da ni, ina rubutawa. Abin da na samo shi zan gabatar muku.

Dalilin wannan shawara ba ɓoyayye ba ne. Tun a 1965, wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello mai suna Michael Mortimore shi da abokin aikinsa suka wallafa bincike a kan ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, saboda yadda jama'a ta yi yawa, gona tana haɗe da gona. Daga wancan lokaci zuwa yau an raba gado sau biyu ko uku. Gonar da kakana ya noma shi kaɗai, a yau mu jikokinsa kowa kunyoyinsa a ƙirge suke. Noman damina kaɗai ba ya riƙe saurayi, shi ya sa da an yi girbi sai tasha ta cika da 'yan ci-rani. Neman sana'a ta biyu wajibi ne, kuma ina goyon bayan shawarar. Abin da nake tsoro shi ne mu zuba miliyoyi a kan gangar jikin inji, mu manta da ɗan ƙarfen da bai fi yatsa ba, wanda shi ne yake taɓa katakon. Masu sana'ar suna ce masa bit. Ni kuwa baki zan riƙa kiransa.

Sassaƙar Da Muka Gada

Dattawan da ke nan sun san masassaƙan da suke kai turmi da taɓarya da akushi da kujerar tsugunno kasuwannin Bichi da Dambatta. Masassaƙi ba ya fita da makami ɗaya. Da gatari yake sare icce, da babban gizago yake ɓaro shi ya fitar da siffa, da ƙarami yake rarake ciki, sannan ya ɗauki wuƙa ya yi ado. Ya san ƙirya tana da tauri, ita ce ta turmi da ƙota, ya kuma san aduwa ce ake nema idan allo za a yi. Ba a taɓa ganin ya ɗauki wuƙar ado zai sare reshe ba. Wannan ilmi na dacewar makami da icce da aiki, shi ne dai ake bukata a gaban sabon inji. Makaman ne suka ƙanƙance, suka kuma yi tsada.

Yadda Injin Yake

Asalin wannan fasaha daga Amurka ne. A ƙarshen shekarun 1940 wani mai masana'anta, John Parsons, ya fara tunanin sarrafa injin yankan ƙarfe da lissafi, kuma a 1952 Jami'ar MIT ta nuna injin farko da ke bin umarnin lambobi. Daga nan aka samu sunan da ake kiransa a yau, wato CNC. Mafi yawan na katako da ake shigowa da su ƙasar nan ƙirar ƙasar Sin ne, kuma birnin Jinan ya yi suna wajen ƙera su.

Wanda kafintoci suka fi so shi ne mai lamba 1325, ma'ana teburinsa milimita 1,300 ne a faɗi, 2,500 a tsawo, domin ya ɗauki cikakken fallen katako mai ƙafa 4 da ƙafa 8. Ana zana aiki a kwamfuta, sai kan injin ya riƙa tafiya gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, yana juya baki har sau 18,000 zuwa 24,000 a minti ɗaya. Abin lura shi ne injin ba ya gani. Duk bakin da aka ɗaura masa, da shi zai bi umarni, ko aikin ya yi kyau ko ya lalace. Hausawa sun ce gizago ba ka da sabo. To, wannan ya fi gizago rashin sabo.

Ɗalibin nan nawa ya ba ni labarin farkon fara aikinsa. An ba shi kwangilar gadon amarya da sif, saura kwana goma a yi jere. Ya sayo katakon HDF mai rufi mai sheƙi daga 'Yan Katako, ya ɗaura bakin da ya zo tare da injin, ya saki aiki. Da aka ɗaga, gefen kowane yanka ya ɓantare kamar ɓera ya gwaigwaye shi. Ya zaci saurin ne ya yi yawa, ya rage, sai gefen ya ƙone ya yi baƙi. Falle uku ya yi asara kafin wani ya gaya masa cewa bakin ne bai dace ba. Kuɗin bakin da ya kamata ya saya bai kai na falle ɗaya ba, ga kuma kunyar da ya sha a gaban uban amarya.

Yadda Ake Gane Baki

Kafin a tambayi kuɗin baki, abubuwa biyar ake dubawa: kaurin ƙotarsa, wato sashen da inji yake riƙewa, faɗin wajen yankan, tsawon kaifin, yawan kaifin, ɗaya ne ko biyu ko uku, sai kuma siffar kansa, shafaffe ne, mulmulalle ne ko mai tsini.

Ƙota tana shiga wani mariƙi da ake kira kolet. Ƙaramin kolet mai lamba ER11 iyakarsa milimita 7, shi kuwa ER20 yana kaiwa 13. A nan akwai tarko. Wasu bakunan da awon milimita aka yi su, kamar 4 da 6, wasu kuma da awon inci, kamar 3.175 da 6.35 da 12.7. A ido, milimita 6 da 6.35 duk ɗaya ne. Amma idan aka sa mai 6 a mariƙin da aka yi domin 6.35 zai iya yin sako-sako, ya zame a tsakiyar aiki. Idan kuma aka cusa mai 6.35 a mariƙin 6, an lalata mariƙin. Saboda haka ma'aunin kauri, wanda ake kira kalifa, ya zama dole a shago.

Sai kuma ƙarfen da aka yi bakin da shi. Akwai ƙarfen HSS, wanda aka nuna wa duniya a baje kolin birnin Paris na 1900. Yana da araha, amma yana saurin dakushewa a kan MDF da HDF, domin waɗannan garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse, kuma suna cin kaifi. Akwai kuma kabayid, wanda aka ƙirƙiro a Jamus a 1923. Ya fi tauri nesa ba kusa ba, ya fi daɗewa, ya kuma fi nauyi a hannu idan aka kwatanta guda biyu masu girma ɗaya. Aibinsa shi ne gautsi: idan ya faɗo a kan siminti kaifinsa na iya ɓallewa. Ga aikin da muke nufi, kabayid ne abin saye.

Bakunan Yanka

Waɗannan su ne masu shafaffen kai, aikinsu raba katako, fitar da siffa da haƙa gurbi. Su ne a matsayin gatari da gizago.

Na farko shi ne mai jan dusa sama. Kaifinsa a murɗe yake, murɗin kuma ya bi hanya ɗaya da na bakin dirilar da kowa ya sani. Yana fitar da dusa daga cikin rami, don haka ba ya saurin ɗaukar zafi, kuma shi ya dace da yanka mai zurfi a katako na asali kamar maɗaci. Illarsa ita ce yana ɗaga fatar katako ta sama. Shi ne ya ɓata wa ɗalibina gadon amarya.

Na biyu shi ne mai danna dusa ƙasa, wanda murɗinsa ya saɓa wa na dirila. Yana barin fuskar sama sumul, ya kuma danne siririn katako a kan tebur. Amma dusa tana taruwa a ƙarƙashinsa, saboda haka ba a huda rami kai tsaye da shi, kuma ba a nitsa shi da yawa a tafiya ɗaya. Dusar da ta matsu ta yi zafi tana iya kama wuta.

Na uku shi ne mai haɗaka. Ɗan sashen da ke kansa yana ja sama, sauran jikinsa yana dannawa ƙasa, sai ya matse katakon ta fuska biyu, sama da ƙasa duk su fita lafiya. Shi ne maganin katako mai rufi ta kowane gefe da kuma filawud. Sharaɗinsa shi ne tafiyar farko ta nitse ta wuce sashen da ke ja sama. In ba haka ba, ya koma tamkar na farko, an yi asarar kuɗinsa.

Na huɗu shi ne mai kaifi ɗaya da faffaɗan kwari, wanda ake yankan robar akirilik da alminiyam da shi domin allon talla. Idan aka yanki roba da mai kaifi da yawa, narkewa take yi ta manne a jikin baki.

Na biyar shi ne faffaɗan bakin share fuska. Da shi ake daidaita katakon shimfiɗa da ke kan tebur. Idan shimfiɗar ba ta daidaita ba, zane zai yi zurfi a wani gefe ya yi sama-sama a wani, komai kyawun baki.

Bakunan Zane

Waɗannan kuma su ne a matsayin wuƙar ado.

Na farko shi ne mai siffar harafin V, na rubutu da zayyana masu kusurwa, irin dagi da sarƙaƙƙun zanen da muke gani a bangon gidajen sarauta. Waɗanda aka fi amfani da su su ne mai digiri 90 da mai digiri 60. Bari tsohon malami ya ɗan yi lissafi. Mai digiri 90, faɗin layin da yake fitarwa ninki biyu ne na zurfinsa. Idan ana son layi mai faɗin milimita 20, zai nitsa milimita 10. Mai digiri 60 kuwa sai ya nitsa sama da milimita 17 kafin ya ba da wannan faɗi. Idan kaurin katakon milimita 18 ne, kun ga saura ƙiris ya ɓula. Ke nan manyan haruffa na mai 90 ne, ƙananan rubutu na mai 60 ne. Kuma wajibi ne digirin da aka gaya wa kwamfuta ya zama shi ne na bakin da aka ɗaura, in ba haka ba kusurwoyin zane ba za su haɗu ba.

Na biyu shi ne mai mulmulallen kai, na zane mai tudu da kwari, irin furannin da ake yi a ƙyauren ƙofa da kan gado. Shi a layi-layi yake bin aiki, kamar mai huɗa. Idan tazarar layukan ta yi yawa sai kunyoyi su bayyana a fuskar katako. Masu sana'ar sukan sa tazarar ta zama kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗin bakin; mai milimita 6 ya riƙa matsawa da kimanin 0.6. Ba a fara aiki da shi. Sai an sa bakin yanka ya kwashe mafi yawan naman katakon, sannan shi ya zo ya gyara, daidai da yadda masassaƙi yake gabatar da babban gizago.

Na uku shi ne mulmulalle mai tsukewa, wanda gindinsa ke da kauri, kansa kuma siriri. Saboda kaurin gindin ba ya saurin karyewa, sirantar kan kuma tana ba shi damar shiga lungunan zane. Aiki da shi yana cin awoyi, don haka a sa wannan cikin lissafin kuɗin aiki da na man janareta.

Na huɗu shi ne mai kama da allura, mai digiri 20 ko 30, na ƙananan rubutu a kan lambar yabo da allon suna. Sama-sama yake tafiya, kuma tsininsa ne farkon abin da ke karyewa a hannun ɗan koyo.

Gudu Da Tafiya

Zaɓen baki rabin aiki ne, sauran rabin shi ne daidaita saurin juyawarsa da saurin tafiyarsa. Ka'idar ita ce kowane kaifi ya yanko ɗan ɓarɓashi a duk juyi, domin ɓarɓashin ne yake tafiya da zafi. Ana gane kaurinsa idan aka raba saurin tafiya da abin da aka samu daga ninka juyi da yawan kaifi. Misali, baki mai kaifi 2 yana juyawa sau 18,000 a minti, yana tafiyar milimita 3,600: a raba 3,600 da 36,000, an samu milimita 0.1. Idan ɗan koyo ya ji tsoro ya rage tafiya ƙwarai alhali juyin yana nan, baki ya daina yanka ya koma guga, sai ya yi zafi, ya ƙona katako, ya dakushe. Idan kuma ya yi gaggawa, baki ya karye. Game da zurfi, abin da aka saba shi ne kada tafiya ɗaya ta wuce faɗin bakin, a katako mai tauri ma a rage.

Ƙwararre da ido da kunne yake ganewa. A katako na asali, ɓarɓashi alamar lafiya ne, gari mai laushi kuwa alamar guga ce. Ƙara mai tsini, ƙaurin ƙuna da baƙin gefe duk gargaɗi ne cewa a tsaya a duba.

Darasin Da Na Gani Da Idona

A shekarun 1980, lokacin da aka shigo da tsarin ilmi na 6-3-3-4, an kawo wa ƙananan makarantun sakandare injinan koyon sana'a daga ƙasashen waje. Na san wata makaranta da akwatunan suka shekara da shekaru a sito ba a buɗe ba, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Wanda aka buɗe kuma, da ƙaramin abu ya lalace sai aka jingine shi, gara da tsatsa suka gama da sauran. Kuɗin ƙungiya gumin 'yan uwa ne, har da na masu ƙaramin ƙarfi da suke cire wani abu daga albashinsu. Bai kamata mu maimaita wancan kuskure ba.

Shawarwari

Na ɗaya, a ware kuɗin bakuna da mariƙai a cikin kasafi tun farko, kuma ya zama na kowace shekara, domin baki abu ne mai ƙarewa kamar alli.

Na biyu, kada a sayi akwati mai bakuna barkatai don araharsa. A fara da kaɗan masu kyau: mai jan dusa sama, mai dannawa ƙasa da mai haɗaka, duk na milimita 6, mai siffar V na digiri 90 da na 60, mulmulalle na milimita 6 da mai tsukewa guda, sai na share fuska. Waɗanda aka fi aiki da su a sayi bibbiyu, domin kada karyewar ɗaya ta tsayar da shago har sai an je birni.

Na uku, a zaɓi awo ɗaya, milimita ko inci, a tsaya a kansa.

Na huɗu, a buɗe rajista kamar ta makaranta. Kowane baki da lambarsa da gurbinsa a akwatin katako, ba a barin su suna gugar juna. A rubuta katakon da aka yanka, da gudu da tafiyar da suka ba da sakamako mai kyau, domin na baya su amfana.

Na biyar, kafin inji ya iso a tura matasa biyu ko uku su zauna a shagon da ake wannan aiki na wasu watanni. Ga kuma Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha a Bichi kusa da mu. A nemi shawarar malamanta.

Na shida, a tanadi tsayayyiyar wuta. Idan wuta ta ɗauke baki yana cikin katako, aikin awoyi na iya tafiya a banza.

Na bakwai, lafiyar yaranmu. Tun a 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar, ga kuma gam ɗin da ke cikin MDF. A sayi injin zuƙar ƙura tare da babban injin, a tilasta sa takunkumi da tabarau da abin toshe kunne, a kuma hana babbar riga a kusa da baki mai juyawa.

Na takwas, a jawo tsofaffin masassaƙanmu a jiki. Su suka san icce ɗanye da busasshe, da inda jijiyarsa ta nufa. Kwamfuta ba za ta gaya wa yaro wannan ba.

Kammalawa

'Yan uwa, da yawa daga cikinku idan za ku aurar da 'ya ko ku sa ƙofa a sabon gida, a birni kuke ba da aikin. Burinmu shi ne nan gaba ku riƙa aiko da shi gida, yaron da ya kamata ya tafi ci-rani ya yi shi a nan, ya kuma samu damar leƙa gonar mahaifinsa da yamma. Amma ba za ku aiko a karo na biyu ba idan na farko ya zo muku da ɓantararren gefe. Don haka ina roƙon kwamitin da zai je cinikin inji, idan mai sayarwa ya gama yabon girmansa da ƙarfinsa, ku ce ya buɗe muku ƙaramin akwatin bakuna, ku auna su ɗaya bayan ɗaya, ku tambaye shi aikin kowanne da kuma inda za a samu madadinsa a Kano.

Ina godiya ga ɗalibina da ya yi haƙuri da tambayoyin tsohon malaminsa. Inda na yi kuskure, masu sana'a su gyara mini. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya kuma albarkaci garinmu da zuriyarmu.